Magaji, Halifa, Muƙaddashi ko Mai Riƙon Ƙwarya: Wanne Ya Dace da Wanda Ya Karɓi Kujera?

Ranar 9 ga Fabrairun 2010 Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta damƙa wa Goodluck Jonathan ragamar Najeriya, alhali Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa yana jinya a Saudiyya tun Nuwamban 2009. Kafin ranar, sunan Jonathan mataimaki. Daga ranar ya koma muƙaddashi. Da Allah Ya yi wa 'Yar'aduwa rasuwa ranar 5 ga Mayu, aka rantsar da shi washegari, sai ya zama magaji. Mutum ɗaya ya amsa suna uku cikin wata uku, kuma duk marubucin da ya sa ɗaya a wurin ɗaya ya faɗi abin da ba haka ba, ko da kowace kalma tasa Hausa ce tsantsa. Wanda ya kira Jonathan magaji a watan Maris ya kashe 'Yar'aduwa da baki tun kwanansa bai ƙare ba.

Hausa ba ta da ƙarancin kalmomi a wannan fage, yawansu ne ma ke rikita mai alƙalami. Akwai magaji, halifa, mai jiran gado, muƙaddashi, mai riƙon ƙwarya, na'ibi, wakili, ga kuma wanda ya maye gurbi. Kowacce tana ɗauke da labarin wanda ya tashi daga kujerar: ko ya tafi ke nan, ko zai dawo, ko kuwa ture shi aka yi. Kafin ka zaɓi sunan da za ka kira sabon, fara duba ina tsohon yake.

Magaji ita ce ta fi zuwa baki, ita ce kuma aka fi ɗora wa kayan da ba nata ba. Tushenta "gada", wato cin gado. Namiji magaji, mace magajiya, jam'i magada, kamar yadda ɗinka ta haifi maɗinki. Aikatau ɗin yana sauya kama gwargwadon abin da ya biyo bayansa: ya gaji Audu, ya gaje shi, abin da ya gada. A nan sai a kula da ƙaramar "da", domin "ya gaji ubansa" yabo ne, "ya gaji da ubansa" kuwa magana ce ta kai ƙara wurin manya. Haka ita ma "gado" iri biyu ce a baki ko da yake ɗaya ce a takarda. Akwai gadon kwanciya, wanda daga gare shi aka sami gadon sarauta da ake hawa, akwai kuma gadon da mamaci ke bari. Kunne ne ke raba su: na kwanciya wasalinsa na farko gajere ne, na dukiya a ja shi. Sarauta ta haɗa su biyun, sabon sarki ya ci wannan, ya hau wancan.

Tsakanin tilo da jam'i ma akwai tazara. Ranar rabon dukiyar maƙeri, matansa da 'ya'yansa maza da mata da mahaifiyarsa duk magada ne, kowa da kason da shari'a ta yanka masa. Amma in an ce a nuna magajinsa, mutum ɗaya za a nuna, wanda ya zauna a maƙera ya ɗauki masaba, mutanen gari suka ci gaba da kawo masa garma da lauje. Magada dukiya suke rabawa, magaji kuwa matsayi ya ɗauka, da sana'a, da suna. Shi ya sa ake cewa kyan ɗa ya gaji ubansa, ake kuma cewa ɗan na gada ya fi ɗan na koya. Ba gona ko gida ake nufi ba, hali da hannu ake nufi. Malamai ma da ake kira magada annabawa ba dinari suka gada ba.

To dole ne sai an mutu kafin a gaji mutum? A'a. Shehu Shagari ya gaji Janar Obasanjo ranar 1 ga Oktoban 1979, Obasanjon kuwa ya koma gonarsa da ƙafarsa. Fafaroma Francis ya gaji Benedict na 16 a Maris ɗin 2013, bayan shi Benedict ya yi murabus, ya kuma rayu kusan shekara goma a bayan haka. Sharaɗin shi ne tsohon ya bar kujerar bari na har abada, ta mutuwa ko murabus ko cikar wa'adi ko faɗuwa zaɓe.

Sai dai akwai wani bambanci da nake ganin shi ne ya fi kowanne amfani ga mai rubutu, wato bambancin da ke tsakanin aikatau da suna. In ka ce Muhammadu Buhari ya gaji Jonathan a 2015, ka faɗi abin da ya faru, ba wanda zai ɗaga gira. In ka ce Buhari magajin Jonathan ne, kunnen Bahaushe zai ji wani ƙaiƙayi, kamar kana cewa Jonathan ne ya rene shi ya kuma sa masa albarka, alhali a akwatin zaɓe ya kayar da shi. Aikatau jerin zuwa kawai yake nunawa, wane ya zo bayan wane. Suna kuwa dangantaka yake ƙullawa, ta jini ko ta tarbiyya ko ta aƙida. Mohamed Bazoum ya karɓi mulkin Nijar daga Mahamadou Issoufou ranar 2 ga Afrilun 2021, jam'iyyarsu ɗaya, tare suka kafa ta, Issoufou ne kuma ya tsaya masa. A nan "magajinsa" ta zauna daram. Tim Cook ma haka, da ya karɓi kamfanin Apple daga Steve Jobs a Agustan 2011, domin shi Jobs ne ya ba da sunansa. Inda babu irin wannan igiya, "wanda ya gaje shi" ta fi tsafta. Ta fi tsawo da kalma uku, amma ba ta jawo maka tambaya.

Saboda wannan ɗumi da ke cikinta ne ma take zama kirari ko da babu kujerar da aka karɓa. An kashe Sardauna a Janairun 1966, Malam Aminu Kano ya rasu a Afrilun 1983, amma har gobe maroƙa da 'yan siyasa suna laƙaba wa gwanayensu magajin Sardauna ko magajin Malam. Ba ofis ake magana ba, da'awa ce ta hali, kuma wanda ya rubuta ta a labari ba tare da ya jingina ta ga mai faɗa ba ya shiga sahun maroƙan.

Kiran mutum magaji a gaban mai abin kuma yana da nasa nauyi. Aboki zai iya shigowa rumfa ya ga yaro yana ƙirga kaya, ya ce, "Alhaji, lallai ka yi magaji." Wannan addu'a ce, Alhaji zai yi murmushi ya ce Allah Ya sa. Amma a takardar kamfani ko a gaban ma'aikata ka rubuta cewa wane shi ne magajin Alhaji, alhali Alhaji yana zaune yana sa hannu a takardun banki, to kada ka yi mamaki in ya kira ka ya ce, "Malam, tukuna dai, da sauran numfashi." Sauran 'ya'yan gidan kuma ba za su manta maka ba.

Wajen mace sai an ƙara taka-tsantsan. Magajiya kalma ce mai tsohon daraja, sarautar matan da suka mulki Daura ke nan, har da Magajiya Daurama, kuma a Hausar yamma magajiya ita ce ya, yadda magaji yake wa. Amma a birane kalmar ta daɗe da samun wata ma'ana, ta shugabar gidan mata masu zaman kansu. In ka bar ta tsirara a kanun labari, mai karatu zai iya kai ta inda ba ka nufa ba. Samia Suluhu Hassan ta hau kujerar Tanzaniya a Maris ɗin 2021 bayan rasuwar John Magufuli. Ka ce ita ce ta gaje shi, magana ta ƙare.

Halifa daga Larabci take, tushenta zuwa a bayan wani da tsaya masa a wurinsa. Wasu na rubuta khalifa, wasu kalifa, duk ita ce. Sayyidina Abubakar ne ya fara amsa sunan a 632, bayan wafatin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka kira shi Halifan Manzon Allah. Sunan ya yi ta tafiya daga daula zuwa daula har Turkiyya ta soke halifanci a Maris ɗin 1924. A ƙasar Hausa yau gidanta na gaskiya zaure ne da zawiyya. Da Shehu Nasiru Kabara ya rasu a 1996, ɗansa Ƙaribullahi ya zama halifa a gidan Ƙadiriyya na Kano.

Abin da ya raba ta da magaji biyu ne. Na farko, halifa amana ce ta addini da izini, jini bai wajabta ta ba. Almajiri zai iya zama halifan shehinsa a bar 'ya'yan cikinsa. Na biyu, wanda mutane kan manta, ba ta jiran mutuwa. Da Annabi Musa zai tafi ganawa da Ubangijinsa, da wannan tushen kalmar ya ce wa ɗan'uwansa Haruna ya tsaya masa a cikin jama'a, kuma ya je ya dawo. Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na ɗaya ya zama halifan Shehu Ibrahim Inyass a Najeriya tun Shehun yana raye a Kaulaha ta ƙasar Senegal, domin sai 1975 ya rasu. Ashe halifa kan zama magaji, kan kuma zama wakili na dindindin a wata ƙasa mai nisa. Ina ganin a bar ta inda take da ƙima. Gwamna ba ya da halifa, shugaban ƙungiyar direbobi ma haka, sai dai in ana zolaya ko fadanci.

Mai jiran gado shi ne wanda bai hau ba tukuna amma an san shi zai hau. Ga masarautun da doka ta tsara layi, kalmar ba ta da matsala. Charles ya shafe shekara 70 yana jiran gado kafin rasuwar Sarauniya Elizabeth ranar 8 ga Satumban 2022, kuma a ranar ɗansa William ya matsa gaba a layin. Muhammad bin Salman yarima ne mai jiran gadon Saudiyya tun Yunin 2017. 'Yan jarida sun kuma ari kalmar sun ba wanda ya ci zaɓe bai sha rantsuwa ba, kamar Bola Tinubu daga 1 ga Maris zuwa 29 ga Mayun 2023. Aron ya karɓu, ko da yake "zaɓaɓɓen shugaba" ta fi dacewa da ƙasar da ba sarauta ake yi ba. Matsalar ita wannan ɗin kuma ita ce bayan rantsuwa ma zaɓaɓɓe ne, don haka in kana son a gane cewa bai shiga ofis ba, "mai jiran gado" ta fi fitar da kai.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne a ɗauko wannan fahimta a ɗora wa sarautun ƙasar Hausa. A nan babu layin da ke tabbatar wa kowa gado. Yarima da Ciroma da Galadima sarautu ne da suka zo daga Barno, kuma gaskiya ne Ciroma ta sha zama matakala. Abdullahi Bayero Ciroman Kano ne kafin ya zama sarki a 1926, ɗansa Sanusi ma daga Ciroma ya hau. Amma Ado Bayero daga jakadancin Najeriya a Senegal aka kira shi a 1963, kuma da ya rasu a Yunin 2014 akwai Ciroma a gari, ɗansa na cikinsa, sai sarautar ta faɗa wa Ɗan Maje, Sanusi Lamido Sanusi. Madaki da Makama da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta ne ke zama su fitar da sunaye, gwamna ya sa hannu. A Sakkwato, da Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo ya rasu a haɗarin jirgin sama a Oktoban 2006, ƙaninsa Sa'ad Abubakar ne ya gaje shi. Saboda haka rubuta cewa wane ne mai jiran gadon Kano ko Zazzau ba kuskuren harshe kaɗai ba ne, tsoma baki ne a aikin masu zaɓen sarki. "Ɗan sarki", ko "ɗaya daga cikin masu neman sarautar", ya isa.

Sarautar Magajin Gari ita ma tana yaudarar baƙo, don ya ga magaji a ciki. A Katsina ta yi kama da sunanta: Usman Nagogo, da ɗansa Kabir, da jikansa Abdulmumini, duk daga Magajin Gari suka zama sarki. A Sakkwato kuwa Magajin Gari yana cikin masu zaɓen Sarkin Musulmi, shi ke naɗa magaji, ba shi ke gada ba. A Zazzau, inda sarauta ke yawo tsakanin gidajen Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, Shehu Idris na gidan Katsinawa ya rasu a Satumban 2020 bayan shekara 45, sai Magajin Gari Ahmed Nuhu Bamalli ya hau a watan Oktoba. Shi kuwa Bamalle ne, gidan da ya yi kimanin shekara ɗari bai riƙe sarautar ba. Ya gaji Shehu Idris a kan karaga, amma in ana maganar jini, kakanninsa Mallawa ya gada.

Yanzu ga biyun da suka fi shiga juna, muƙaddashi da mai riƙon ƙwarya. Abin da ya haɗa su shi ne duk cikinsu ba mai kujerar. Ni dai ga yadda nake raba su, kuma rabon yana yi mini aiki: muƙaddashi yana riƙe wa wani mutum sananne da ake sa ran dawowarsa, mai riƙon ƙwarya kuwa yana riƙe da kujerar da ba ta da mai ita tukuna, kafin a zaɓa ko a naɗa.

Haɗarin jirgin sama biyu da suka rutsa da gwamnonin Arewa cikin 2012 sun fayyace na farkon fiye da kowane ƙamus. A Oktoba jirgin Gwamna Danbaba Suntai na Taraba ya faɗi kusa da Yola, ya ji mummunan rauni amma ya rayu. Mataimakinsa Garba Umar ya zama muƙaddashin gwamna, ya yi shekara biyu a haka, har Kotun Ƙoli ta dawo da tsohon mataimaki Sani Abubakar Danladi a Nuwamban 2014, shi ma ya ci gaba a matsayin muƙaddashi. Duk tsawon lokacin Suntai ne gwamna a takarda, jihar ba ta ga wanda ya gaje shi ba sai da aka rantsar da Darius Ishaku a Mayun 2015. A Disamba kuma jirgi mai saukar ungulu ya faɗi da Gwamna Patrick Yakowa na Kaduna a Bayelsa, ya rasu, washegari aka rantsar da Mukhtar Ramalan Yero cikakken gwamna. Shi bai kwana ko ɗaya da sunan muƙaddashi ba.

Tsarin mulkin 1999 ya raba waɗannan hanyoyi biyu a sashe biyu da ke maƙwabtaka. Sashe na 145 shi ne na shugaban da zai tafi hutu ko jinya, ya rubuta wa majalisa, mataimakinsa ya riƙe masa; da shi Yemi Osinbajo ya zama muƙaddashi har sau biyu a 2017 lokacin da Buhari ke jinya a Landan. Sashe na 146 kuwa na kujerar da ta zama babu kowa ne, ta mutuwa ko murabus ko tsigewa, nan mataimaki ya zama shugaba kai tsaye. Rikicin 2010 ya taso ne saboda 'Yar'aduwa ya tafi ba tare da wasiƙar ta isa majalisa ba, abin da ya sa daga baya aka gyara sashen aka sa wa'adin kwana 21 na aika wasiƙar.

Akwai wata ɗabi'a da nake fatan a bari, ta kiran mataimakin gwamna muƙaddashin gwamna alhali maigidansa yana cikin gari lafiya lau. Na san ba yau aka fara ba, wasu ma na ganin ta fi "mataimaki" daɗin ji. Amma in ka kashe kalmar a kan mataimaki, ranar da gwamna ya kwanta asibiti me za ka kira shi? Kuma kada a rikita ta da muƙaddami na ɗariƙa, mai ba da wuridi, wannan wani fage ne daban.

Riƙon ƙwarya hoto ne da kowa ke iya gani: an miƙa maka ƙwarya an ce riƙe mini, ba a ce ka sha abin da ke ciki ba, ba a kuma ce ka tafi da ita gida ba. Da Janar Babangida ya sauka a Agustan 1993 bayan soke zaɓen 12 ga Yuni, gwamnatin riƙon ƙwarya ya bari a hannun Ernest Shonekan. Ba Babangida ake jira ya dawo ba, zaɓe ake jira. Ba ta cika wata uku ba Janar Abacha ya kawar da ita ranar 17 ga Nuwamba, kayan aro dai ba ya rufe katara. A Nijar, Daouda Malam Wanke ya riƙe daga Afrilu zuwa Disamban 1999 ya miƙa wa Tandja Mamadou, Salou Djibo ya riƙe daga Fabrairun 2010 ya miƙa wa Issoufou a Afrilun 2011. A matakin ƙananan hukumomin Najeriya, mai irin wannan riƙo shi ne kantoma, wanda gwamna ke naɗawa maimakon a yi zaɓe, tsarin da Kotun Ƙoli ta ce bai halatta ba a hukuncinta na 11 ga Yulin 2024.

Ba zan ɓoye ba, iyakar nan tawa tana da wurin da take dushewa. Ibrahim Magu ya shugabanci hukumar EFCC mai yaƙi da cin hanci daga 2015 zuwa 2020 ba tare da Majalisar Dattawa ta tabbatar da shi ba, sau biyu ma ta ƙi. Jaridu sun yi ta kiransa muƙaddashin shugaba, alhali ba wanda yake riƙe wa. A ma'aunina shugaban riƙo ne, amma wanda ya ce muƙaddashi ba zan kai shi ƙara ba, bakin jama'a ya riga ya saba. Abin da ba ya yiwuwa shi ne juya shi ta ɗaya ɓangaren, a kira Osinbajo na 2017 shugaban riƙon ƙwarya. Wannan zai sa a ɗauka gwamnati ta rushe ana shirin kafa wata.

Na'ibi da wakili ba sa buƙatar dogon bayani. Na'ibi na masallaci ne, shi ke jan salla in liman bai fito ba, kuma zamansa na'ibi bai ba shi limanci ba in liman ya rasu, sai an naɗa. Wakili kuwa aike ne a kan abu ɗaya: ya karɓa wa ango aure, ya karanta jawabin gwamna a taro, ya koma ya ba da rahoto. Bai karɓi komai daga hannun kowa ba.

Maye gurbi ita ce mafi sanyi a cikinsu, kuma sanyin nan ne amfaninta. Gurbi rami ne da wani abu ya tashi ya bari, na kaza ko na 'ya'yan dara. Kalmar ba ta duban mutum, wurin take duba, shi ya sa take aiki ga ma'aikaci da injin da taya duka. In an kori kwamishina an naɗa wani, ka ce ya maye gurbinsa. "Gada" a nan ta yi nauyi, ta kuma yi wa korarren karamcin da wanda ya kore shi bai yi masa ba. In ɗan majalisa ya rasu, zaɓen cike gurbi ake yi. A fili kuwa ɗan wasa canji yake shigowa, ba ya gadon kowa. Masu kallon ƙwallo sun ga kalmomin nan a jere a Manchester United: Alex Ferguson ya yi ritaya a 2013 bayan shekara 26, ya nuna David Moyes da kansa, aka ce ga magaji. Bai cika shekara ba aka sallame shi a Afrilun 2014, Ryan Giggs ya yi riƙon ƙwarya na wasa huɗu, sannan Louis van Gaal ya zo ya maye gurbin Moyes. Magoya bayan ƙungiyar kuma suka gane wa idonsu cewa gurbin ido ba ido ba ne.

Saura wanda ya shigo ta katanga. Murtala Muhammed bai gaji Gowon ba a Yulin 1975, hamɓarar da shi aka yi. Amma da aka kashe Murtala ranar 13 ga Fabrairun 1976, Obasanjo ya gaje shi, har ana iya cewa magajinsa, tunda mataimakinsa ne kuma ya cika alkawarin miƙa mulki da Murtalan ya ɗauka. Duka biyun soja ne, don haka ba kaki ke yanke hukunci ba, ƙofar shigowa ce. Hausa ta tanadi wasali ɗaya tak domin wannan: "ya karɓi mulki" miƙa masa aka yi ko aƙalla ba ka ce komai ba, "ya karɓe mulki" kuwa fizge ya yi. In kana jera shugabanni a darasin tarihi ba ka son tsayawa kan yadda kowa ya zo, "wanda ya biyo bayansa" ta ishe ka, ba ta wanke kowa ba, ba ta kuma tuhumi kowa ba.

Wani lokaci mutum ɗaya kan cancanci kalmomi uku a rana ɗaya, kuma wadda ka ɗauka ita ke nuna inda ka tsaya. An sanar da mutuwar Idriss Déby na Cadi ranar 20 ga Afrilun 2021, bayan raunin da ya samu a fagen daga. Tsarin mulkin ƙasar ya ce shugaban majalisar dokoki ne zai riƙe kafin zaɓe, amma sojoji suka jingine tsarin suka ɗora ɗansa Mahamat. Ta jini magaji ne, ba mai musu. Ta sunan da ya amsa, shugaban riƙon ƙwarya ne na wata 18. Ta ƙofar da ya shigo, 'yan adawa cewa suka yi karɓe mulki aka yi. Mai rubuta rahoto a lokacin, abin da ya fi masa shi ne ya kira shi shugaban majalisar soja ta riƙon ƙwarya, ya ambaci cewa ɗan marigayin ne, ya bar "juyin mulki" a bakin waɗanda suka faɗa. Wata 18 suka cika aka ƙara shekara biyu, ya tsaya zaɓen Mayun 2024, aka rantsar da shi ranar 23 ga watan. Daga nan sunansa a labari shugaban Cadi kawai, "magajin Idriss" kuwa sai ga marubucin da ke son tuna wa mai karatu ta inda aka biyo.